NEMAN KAYAN GYARAN NA'URAR RIƘE GUDU A TSOHUWAR MARSANDI

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Samaru, ya ratsa Kwangila ya gangara Sabon Gari, ba zai rasa cin karo jifa-jifa da wata tsohuwar Marsandi ba, irin mai faffaɗan goshi da ƙarafa masu ƙyalli, tana tafiya a natse cikin babura da Keke Napep. Kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya yi wa wannan samfuri lamba W123. An ƙera ta daga 1976 zuwa 1986, kuma adadin da aka fitar ya kai kimanin miliyan 2.7. Ƙanwarta ita ce W124, wadda ta fito a 1984, wato wadda mutanen Nijeriya suka laƙaba wa suna "V-Boot".

A cikin wasu daga waɗannan motoci, bayan sitiyari, akwai wani ɗan siririn hannu wanda galibin masu motar ba su taɓa ganin ya yi aiki ba. Aikinsa shi ne ya umurci motar ta riƙe gudun da take kai, har direba ya ɗauke ƙafarsa daga totur, ita kuwa ta ci gaba da tafiya ba ƙari ba ragi. Jamusawa suna kiran wannan na'ura Tempomat, Amurkawa kuwa suka sa mata Cruise Control. A wannan maƙala za a kira ta na'urar riƙe gudu.

A ɗauki misalin wani malami da ya yi ritaya a Samaru, ya gaji irin wannan mota, ya kuma yi niyyar mayar da kowane abu nata yadda yake ran da ta fito daga masana'anta. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma ya taɓa ɗan hannun nan shiru. Ina zai nufa? Me ma zai ce a ba shi? Amsar waɗannan tambayoyi tana ɗauke da darasin kimiyya wanda ya fi motar kanta daraja.

Asalin na'urar

Tunanin a sa inji ya lura da gudun kansa ya girmi mota nesa ba kusa ba. A 1788 James Watt, mutumin Sikotilan, ya ɗaura wa injin tururi wasu dunƙulen ƙarfe guda biyu masu juyawa tare da injin. Idan injin ya yi sauri, sai dunƙulen su buɗe su ɗaga sama, su ja wani hannu da ke rage ƙofar tururi. Idan ya yi sanyi, sai su sauko, ƙofar ta ƙara buɗewa. Jikan wannan dabara yana nan a cikin injin niƙa da janareta, shi ne abin da makanikai ke kira "gwamna". Shi ke sa a ji muryar injin niƙa ta yi nauyi sa'ad da aka zuba hatsi, sa'an nan ta koma daidai ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Wanda ya kawo dabarar cikin mota ta zamani wani injiniya ne Ba'amurke, Ralph Teetor, na garin Hagerstown a jihar Indiyana. An haife shi a 1890, ya kuma makance tun yana ɗan shekara biyar sakamakon wani hatsari. Duk da haka ya yi karatun injiniya har ya shugabanci kamfanin Perfect Circle mai ƙera zoben fistin. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1950. Kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, Cadillac ya biyo baya. Amma ba ta bazu sosai ba sai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa, mutane kuma suka lura cewa gudu madaidaici ya fi tattalin mai. Abin lura a nan shi ne, makaho ne ya ƙago abin da ke kula da allurar gudu a madadin masu ido.

Yadda take aiki

Na'urar riƙe gudu ƙungiya ce ta sassa huɗu, kuma duk wanda bai rarrabe su ba, zai sha wuya a kasuwa.

Na farko shi ne ma'aunin gudu. Wata 'yar na'ura ce da ke fitar da bugun lantarki gwargwadon juyawar ƙafafun mota. Alal misali, idan kewayen taya ya kai mita 2, mota kuma tana gudun kilomita 90 cikin awa, wato mita 25 cikin daƙiƙa, to tayar tana juyawa sau 12 da rabi a kowace daƙiƙa. Da gudu ya ragu, bugun zai ragu. A W123 wannan 'yar na'ura tana manne a bayan agogon gudu.

Na biyu shi ne akwatin lissafi, wani ɗan akwati da ke ɓoye a ƙarƙashin allon gaban direba. Kamfanin VDO na Jamus ne ya yi wa Marsandi shi. Shi ne ke tuna gudun da direba ya zaɓa, ya riƙa kwatanta shi da wanda ma'auni ke kawo masa.

Na uku shi ne mai jan totur, wanda ke zaune kusa da inji, yana yin aikin da ƙafar direba ta saba yi.

Na huɗu su ne makunnai: ɗan hannun bayan sitiyari, da na birki, da na kuloci idan motar mai giyar hannu ce. Da direba ya taka birki, dole na'urar ta saki totur nan take.

Ga yadda suke haɗuwa. Direba ya bar Zariya ya nufi Kaduna, ya saita gudu a kilomita 90. Mota ta iso hawa, gudu ya sauka zuwa 88. Ma'auni ya kai labari, akwati ya ga an sami giɓin kilomita 2, ya umurci mai jan totur ya ƙara mai. Gudu ya komo 90, giɓin ya rufe, akwati ya dakata. A gangara kuma sai a yi akasin haka. Wato sakamakon aiki yana komowa ya gyara aikin da kansa. Masana suna kiran wannan tsari komowar labari, kuma yana ko'ina: a dutsen guga mai kashe kansa idan ya yi zafi, a tankin ruwa mai rufe famfo idan ya cika, har ma a jikin ɗan Adam, wanda ke fitar da gumi ko ya yi makyarkyata domin ya tsaya kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos.

Sai dai tsarin yana da tarko. A duba mai dafa miya da ta zuba gishiri, ta ɗanɗana tun bai narke ba, ta ji bai ji ba, ta ƙara. Can sai ya yi yawa, ta zuba ruwa, ruwan ma ya yi yawa, ta koma neman gishiri. Jinkirin labari da wuce gona da iri wajen gyara su ne suka hana miyar daidaituwa. Haka janareta kan yi idan gwamnansa ya lalace, a ji shi yana tashi yana sauka. James Clerk Maxwell ya yi nazarin wannan matsala da lissafi a wata maƙala da ya fitar a 1868, kuma daga irin wannan nazari ne fannin sarrafa injuna ya samo tushe, fannin da ɗaliban injiniya ke karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello. Saboda haka idan tsohuwar Marsandi ta riƙa fizga tana saki bayan an saita gudu, cutar mai miyar nan ce ta kama ta.

Ƙarfin iska

A W123 ta farko-farko, iska ce ke jan totur. Wannan yakan ba ɗalibai mamaki, amma lissafinsa mai sauƙi ne. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin da ya kai kusan kilogiram 1 a bakin teku. A Zariya, wadda ke bisa tudu fiye da mita 600, ya ɗan gaza haka. Ba ma jin wannan nauyi domin yana danna mu ciki da waje daidai wa daida. Amma idan aka sami gwangwani mai fatar roba a tsakiya, aka zuƙe rabin iskar gefe ɗaya, iskar ɗaya gefen za ta tura fatar. Idan faɗin fatar santimita murabba'i 50 ne, ƙarfin turawar zai yi daidai da nauyin kilogiram 25. Wannan ya isa ya ja totur har da rara.

Injin fetur yana samar da wannan zuƙa da kansa, domin fistin yana jan iska ta ƙofar da ba ta buɗe duka ba. Injin dizal kuwa sai an sa masa famfo na musamman. Daga farkon shekarun 1980 Marsandi ta koma amfani da ƙaramin injin lantarki mai haƙoran giya a maimakon gwangwanin iska. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai neman kaya, domin akwatin lissafin irin na farko ba ya aiki da mai jan totur irin na biyu, ko da motocin biyu sun yi kama kamar an tsaga kara.

Abin da ya sa kayan suka yi wuya

Sabon Gari ta ginu ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911, kuma tun daga lokacin ta zama matattarar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga sassan ƙasar nan. A shagunan kayan gyaranta mutum zai sami fulogi da bel da takalmin birki na motoci iri-iri. Amma ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da ba a tambaya, kuma dalilai uku sun taru sun sa ba a tambayar wannan na'ura.

Na ɗaya, motar da ta mamaye Arewa shekara da shekaru ita ce Fijo. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta daɗe tana fitowa daga can bayan an daina yin ta a Faransa. Kasuwa da makanikai duk sun ginu a kanta, ita kuwa mota ce mai sauƙin gini, ba a san ta da irin wannan na'ura ba.

Na biyu, ko a Turai ma na'urar ba ta zo da kowace Marsandi ba. Ƙari ce da mai saye ke biya dabam idan yana so. An fi samun ta a motocin da aka yi domin kasuwar Amurka. Saboda haka lokacin da motocin hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, suka fara kwararowa bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kaɗan ne daga cikinsu suka zo da ita.

Na uku, mota tana tafiya ko babu ita. Idan ta mutu ba mai damuwa, wani makanikin ma yakan cire ta ya yar domin ya sami wurin sa hannu. Motar da ta kwanta kuwa, 'yan gwangwan ne ke gadonta. Su kuma da kilo suke saye: ƙarfe a kai shi narkewa, alminiyom a yi tukwane, wayoyi a ƙone a cire tagulla. Ɗan akwatin da wani ke nema ido rufe, a wurinsu bai kai nauyin komai ba.

To, malamin nan na Samaru, in ya zagaya Sabon Gari bai dace ba, za a ce masa a aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, in ta ƙure a kira Ladipo a Legas. Akwai kuma intanet, inda masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka ke sayar da irin waɗannan kaya, kuma kamfanin Mercedes-Benz kansa ya buɗe cibiyar kula da tsofaffin motocinsa a Fellbach, kusa da Stuttgart, tun 1993. Sai dai da kuɗin waje ake biya, ga kuɗin aikowa, abin da zai zo kuma sa'an wanda ya mutu ne, tsufansu ɗaya.

Wanda ya ƙudura sai ya saya, akwai ƙa'idoji uku da za su tsare masa aljihu. Ya kwafi lambar da ke jikin tsohon kayan, wadda a Marsandi lambobi goma ce, domin da ita ake gane kaya, ba da kama ba. Ya tafi da tsohon a hannunsa, ya ƙirga ƙafafun soket ɗinsa ya kwatanta, gama zuwa da kai ya fi aike. Sa'an nan ya yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in an gwada bai yi ba za a mayar.

A bincika kafin a saya

Amma babbar tambaya ita ce, shin kayan ma ya mutu? Rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa abin da ya hana na'urar aiki bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba. Makaniki mai basira yakan fara daga mai arha ya nufi mai tsada.

Zai fara da fis. Daga nan sai ya zagaya bayan mota ya duba ƙwan fitilar birki, abin da zai sa mai kallo ya zaci ya ruɗe. Alhali kuwa akwai dalili. A waɗannan motoci, akwatin lissafi yana gane ba a taka birki ba ne ta hanyar wayar fitilar birki, wadda ke haɗe da jikin mota ta cikin siririn zaren da ke cikin ƙwan. Idan ƙwayayen sun ƙone, ko an musanya su da na zamani irin na LED waɗanda ba su da zare, akwatin yakan rasa wannan tabbaci, sai ya ƙi kama aiki. Injiniyoyin sun tsara shi ne yadda in ya yi shakka, ya zaɓi sakin totur. Ƙin aikin nan kariya ce ga rai.

Bayan wannan sai tiyon iska, idan motar irin ta farko ce. Roba tana bushewa ta tsage saboda zafi da mai da daɗewa, kuma tsaga kamar ta bakin allura ta isa ta ɓata lissafin kilogiram 25 ɗin nan. Tiyo kuwa ba ya wuya a Sabon Gari. Sai a duba sandunan da suka haɗa mai jan totur da inji, a tabbata ba su cije ba. Sai a ƙarshe a zo kan akwatin.

A nan ne kimiyyar aji uku ta sakandare ke shigowa. A cikin akwatin akwai allo mai layukan tagulla, an manna ƙananan sassa a kansa da dalma, wadda gauraye ce ta kuza da darma mai narkewa a wajen digiri 185. Kowane abu yana buɗewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya yi sanyi, amma ba daidai da juna ba: tagulla da dalma da allon kowanne da nasa gwargwado. A Zariya, inda asubahin hunturu ke sa mutum rawar ɗari, rana kuma a watan Afrilu ta mai da cikin motar da aka rufe kamar tanda, wannan ja-in-ja yana faruwa kullum. A haɗa da girgizar hanya, a ninka da shekara arba'in, sai dalmar ta yi tsaga siririya wadda sai da gilashin ƙara girma ake ganin ta. Wuta ta wuce yau, gobe ta ƙi.

Abu na biyu shi ne kafasito, 'yan gwangwanayen da ke ajiye cajin lantarki. Irin masu ruwan sinadari a ciki suna bushewa sannu a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Da sun bushe, lissafin akwatin ya karkace, mota ta shiga fizga da saki.

Waɗannan cututtuka biyu ba aikin mai sayar da kayan mota ba ne. Aikin mai gyaran rediyo da talabijin ne. Ya goge fentin kariyar da ke bayan allon, ya bi kowane gurbi ya sabunta dalma, ya cire tsofaffin kafasito ya sa sababbi masu ƙima ɗaya, yana lura da ƙafar da ke ɗaukar wuta da wadda ba ta ɗauka. Masu gyaran waɗannan akwatuna a Turai da Amurka ma galibi abin da suke yi ke nan, su karɓi daloli. Ashe kayan da malamin Samaru ke shirin nema a Jamus, mai yiwuwa ne yana cikin motarsa, maganinsa kuma yana wata rumfa a Sabon Gari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gargaɗi

Gyaran wannan na'ura ba kamar gyaran rediyon mota ba ne, domin totur take riƙewa. Motar da ke gudun kilomita 100 cikin awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan makunnin birki ya gaza, direba ya ɓata daƙiƙa biyu cikin ruɗewa, ya riga ya shafe fiye da rabin filin ƙwallo. Don haka haramun ne a ce za a yi wa wayar birki dabara domin na'urar ta kama. Gwajin farko kuwa a yi shi a hanya miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso, da gudu kaɗan sama da kilomita 40, inda na'urar ke fara kamawa, kuma abin da za a fara gwadawa shi ne ko tana saki da an taɓa birki.

Haka kuma ba a amfani da ita cikin ruwan sama, ko cikin gari, ko hanya mai ramuka, ko lokacin da barci ke fizgar direba. Tsohuwar na'ura gudu kawai ta sani; ba ta ganin rami, ba ta ganin shanu suna ƙetare titi. Kada kuma a rikita ta da na'urar ƙayyade gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Waccan tana hana mota wuce wani iyaka ne, wannan kuwa tana riƙe gudun da direba ya zaɓa.

Darasi ga makarantu

A motocin yau babu wayar ƙarfe tsakanin ƙafar direba da inji. Kwamfuta ce ke buɗe totur, riƙe gudu kuma ya zama 'yan layuka a cikin manhajarta. Tun ƙarshen shekarun 1990 wasu motoci suka fara amfani da rada suna auna tazarar motar da ke gaba. Amma tsarin bai sauya ba: a auna, a kwatanta, a gyara, a sake aunawa. Bambancin kawai shi ne a tsohuwar mota ɗalibi zai iya ganin kowane mataki da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa.

Malamin kimiyya ba ya bukatar Marsandi kafin ya koyar da wannan. Sirinji babba wanda aka toshe bakinsa da yatsa, aka ja hannunsa aka saki, zai nuna wa aji ƙarfin iska. Murfin tankin ban ɗaki idan aka ɗaga, ga komowar labari a fili. Ziyara ɗaya zuwa wurin mai injin niƙa za ta nuna gwamna yana aiki. Tsohuwar rediyo da gilashin ƙara girma za su nuna tsagaggiyar dalma. Ɗalibai kuma su gwada wannan lissafi: taya mai kewayen mita 2, sau nawa za ta juya a daƙiƙa ɗaya idan mota tana gudun kilomita 72 cikin awa?

Tazarar da ke tsakanin ɗakunan karatu na Samaru da rumfunan Sabon Gari 'yan kilomitoci ce. A can ana koyar da dalilin da ya sa abu ke aiki, a nan kuma akwai hannun da ya iya gyara shi. Ƙasar da ke sayo yawancin injunanta daga waje tana matuƙar bukatar matasan da suka haɗa biyun, waɗanda in an kawo musu abin da ya mutu za su fara tambayar me ya kashe shi kafin su tambayi nawa ne sabo.